Ta Falo Ruwan Zafi Ya Fara

Ajlun, farkon Oktoba

Zuwa ga Ummu Basil, 'yar baffana kuma matata,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da ɗanmu Basil da matarsa, da jaririyar da ta raba ni da ke tun watan Yuli. Yaya gwiwoyin? Yaya tarin? Ni lafiya lau nake, in ban da ƙugu, shi kuwa kin san tsohon baƙo ne. Zaitun ya yi 'ya'ya bana. Ƙanwarki Fidda tana aiko min da abinci ranar Juma'a, gishirinta yana nan yadda kika san shi.

Na rubuto ne ban buga waya ba, don wayar gidan Basil a falo take, kowa yana jin abin da ake faɗa. Tamu kuwa ta kantin Abu Talal ce, shi ko ɓoye sauraren da yake yi ba ya yi. Direban da ke jigila tsakanin Irbid da Dammam zai miƙa miki wannan hannu da hannu.

Mutumin da Basil ya turo daga Irbid don ya sa mana bututun ɗumama gida ya zo. Ya zaga ɗakuna da igiyar awo, yana ƙwanƙwasa bango kamar mai zaɓen kankana, yana ce min “baba” a ƙarshen kowace magana. Da ya faɗi kuɗinsa sai na ga fiye da rabi na hannunsa ne kawai. Na ce ya ba ni lissafin yadda zai raba zafin, sai ya yi murmushi ya ce, “Baba, kai dai ka huta, wannan ba aikin takarda ba ne.” Na raka shi bakin ƙofa ban bari ya ƙarasa shayinsa ba.

Ni za a ce wa ba aikin takarda ba ne? Ni da na karanta ilimin zafi a jami'a a Dimashƙ, lokacin da uban yaron nan ke bin awaki? Shekara talatin ina zana wa 'ya'yan mutane a allo yadda ruwan zafi ke hawa, na sanyi ke sauka. Yau rabinsu daraktoci ne, suna wuce ni a mota gilashi a rufe. To, wannan karon ilimin a gidana zai yi aiki.

Ki gaya wa Basil ya riƙe kuɗinsa, yana da 'ya yanzu. Ni zan yi da hannuna. Na samu ƙarafan ɗumi irin na jikin bango, masu haƙarƙari, a wurin mai sayar da tsofaffin ƙarafa. Daga wani tsohon otal da aka rushe suka fito, kowane sai ƙarti biyu sun kama. Na samu ƙaramar tukunyar dafa ruwan mai amfani da dizal, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau, zan kafa ta a ƙarƙashin matakala. Na aro injin yanka zare a bakin bututu. Jiya na fara fasa tayil.

Na san likita ya ce sanyi da hayaƙin murhun kananzir ne ke cin ƙirjinki. Bana ba za ki shaƙi hayaƙi ba. Kafin ƙanƙara ta sauko zan rubuto in ce ki taho.

Ki sumbaci jaririyar. Ki ce wa uwarta kada ta dinga sa ta kusa da iskar na'urar sanyaya ɗaki.

Ɗan baffanki,
Muflih

* * *

Dammam, ƙarshen Oktoba

Abu Basil,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, duk muna lafiya. Jaririya ta fara dariya, haɓarta taka ce sak, Allah Ya sa kada ta ɗauko zuciyar. Gwiwoyina sun yi sauƙi tun da na zo, ina sallah a tsaye. Tari ya tafi gaba ɗaya.

Na karanta wa Basil abin da ya shafe shi, sauran na bar wa kaina. Ya dafe kai ya ce, “Mama, Baba zai fasa gidan nan, wallahi zai fasa.” Na ce ubanka ne, ka yi shiru. Amma ni ma ban yi barcin kirki ba. Kai da ƙugun nan za ka ɗaga ƙarfen da ƙarti biyu ke kamawa? Ustaz, allo daban, sifana daban. Ban ce ba ka iya ba. Na ce ka yi a hankali.

Ga maganar da nake so ka ji da kyau. Izinin ziyarata zai ƙare a ƙarshen Janairu, kuma irinsa ba a ƙara masa kwanaki. Basil yana so kafin nan ya nema min takardar zama, in zauna wurinsu gaba ɗaya, in dinga zuwa Ajlun da rani kamar baƙuwa. Matarsa ma ta sa baki, yarinyar kirki ce, ba ta taɓa nuna min gajiya ba. Kullum sai ya ce in ba shi fasfo. Na ce a'a, ina da gida, ina da miji.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ba zan iya wani sanyin irin na bara ba. Ka tuna yadda kake ɗaga ni daga gado da safe kamar buhun alkama. In gida ya yi ɗumi, ko gobe ka ce in taho zan taho. In bai yi ba, ban san abin da zan ci gaba da gaya wa yaron nan ba.

Nan babu komai sai hasken wutar lantarki da ƙarar na'ura. Ba na sanin ko safiya ce ko yamma sai an kira sallah. Ina kewar tagar kicin ɗina.

Ka dinga cin abinci. Gishirin Fidda bai taɓa kashe kowa ba.

Nayifa

* * *

Ajlun, farkon Disamba

Ummu Basil,

Gaisuwa mai yawa gare ki da yara. Na ji daɗin labarin gwiwoyi. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, hannuwana ne suka kumbura, alƙalami ma ya ƙi zama. Yanzu sun sace.

An gama.

Ba zan gajiyar da ke da wahalar da na sha ba. Na yanka bututu, na murɗa zaren rama a kowane mahaɗi, na binne su ƙarƙashin tayil, na mayar da tayil ɗin yadda ko ke sai kin duba da kyau. Akwai wata dabara da na yi da ta rage kuɗi sosai. Masu wannan sana'a bututu biyu suke ja, na tafiya da na dawowa, su cika gida da mahaɗai da makunnai, duk don lissafi ya yi nauyi. Ni guda ɗaya na ja. Ruwa ya fito daga tukunya, ya shiga wannan ƙarfe ya fita ya shiga na gaba, ya zagaye gidan ya koma inda ya fito. Rabin bututu, aiki ɗaya.

Ranar da zan kunna, ban gayyaci kowa ba. Amma kin san garinmu. Bayan la'asar sai ga Abu Talal ya rufe kanti ya taho, ga Hajji Uƙla da sandarsa, ga wasu a bayansu. Suka cika falo, kowa a cikin rigar sanyi har wuya.

Abu Talal ya ce, “Ustaz, in za ta fashe ka ba mu minti biyu mu yi alwala.”

Hajji Uƙla ya ce, “Ni kusa da ƙofa zan zauna. Na tsufa da gudu.”

Na kunna. Ba ka jin komai sai ruwa yana ƙugi a cikin ƙarfe. Abu Talal yana ta duban rufi, wai yana neman inda zai faɗo. Can sai Hajji ya miƙa hannu ya dafa ƙarfen da ke gefensa. Ya fizge hannun ya yi tsalle irin wanda ban san yana da sauransa ba.

“La ilaha illallahu! Ya ƙone ni! Muflih, ɗan banza, ya ƙone ni!”

Aka fashe da dariya. Kafin a sha gahawa zagaye na biyu kowa ya tuɓe rigar sanyi. Abu Talal ya cire har safa, ya miƙe ƙafa a kan kafet ɗinki, ya ce, “Jama'a, ashe shekara da shekaru da injiniya muke zaune muna kiransa malamin makaranta.” Tun daga ranar sunana Injiniya.

Suka ce in yi musu bayanin yadda abin ke aiki. Na yi. Nayifa, suka saurara. Ba wanda ya dubi agogo. Rabon da wani a garin nan ya tambaye ni wani abu ban da ko ƙarfe nawa ne a agogo, na manta. Yanzu kullum bayan la'asar suna nan. Har wanda ya taɓa zama shugaban makarantarmu, wanda ya hana ni ƙarin girma ya ba ɗan ƙanwarsa, ya zo shekaranjiya ya zauna a kujerar ƙarshe, yana tambaya ko zan leƙa gidansa in ba shi shawara.

Maganar dawowarki. Na yi tunani, gara kada ki yi gaggawa. Ana cewa sanyin bana zai yi tsanani, hanya kuma doguwa ce. Tunda jikinki ya karɓi can, ki zauna har sanyi ya wuce, wajen Afrilu. Ki ce wa Basil ya nemi a ƙara miki kwanaki a izinin ziyarar. Ni nan babu abin da na rasa.

Muflih

* * *

Dammam, tsakiyar Janairu

Abu Basil,

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Jaririya ta yi zazzaɓin haƙori, ya sauka.

Wannan ta biyu ke nan. Ta farko na aiko tun kafin ƙarshen Disamba, direba ya rantse min a hannunka ya sa ta. Shiru.

Da na karanta cewa an gama, na tashi na fara haɗa jaka ban ma kai ƙarshen takardar ba. Na sa zanen gado sabo da na saya mana, na sa dabino don mutane. Sai na koma na zauna na ƙarasa karatu. Matar Basil ta shigo ta same ni da jaka a buɗe, ta ce, “Mama, yaushe ne tafiyar?” Na ce iska nake ba kayan.

Ba a ƙara kwanaki a irin izinina, na gaya maka tun Oktoba, ko dai in fita ko in zama 'yar nan. Kai da ba ka manta lissafin da ka koya a Dimashƙ ba, ba wannan za ka manta ba.

Fidda ta bugo waya. Ta ce gidanmu ya zama majalisa, takalma har bakin titi. Ta ce ka yi ƙiba, ana jin dariyarka daga gidansu. Ta ce, “Yaya, mijinki ya koma saurayi.” Ta ɗauka daɗi zan ji.

Da ka ce min aikin ya ƙi, da na gane. Da na ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, in zo mu rungumi murhun kananzir ɗinmu, abin da zai faru ya faru. Amma gida ya yi ɗumi, maza suna cire safa a kan kafet ɗina, sannan ka ce min in zauna sai Afrilu, babu abin da ka rasa. Na juya maganar nan ta kowace fuska, fuska ɗaya take da ita.

Shekara arba'in ina jin ka kana zagin garin nan da mutanensa a kan abinci. Ni ce mai sauraro. Yanzu ka samu masu sauraro da suka fi ni, ba sai ka ɗaga su daga gado da safe ba. Ban ga laifinka sosai ba. Amma da ka faɗa min kai tsaye, ɗan baffa. Jini ɗaya muke kafin aure.

Basil ya ce, “Mama, Baba ya samu abin da yake so, ki ƙyale shi.” Jiya na ba shi fasfo ɗin.

Rigunan sanyinka masu kauri suna cikin akwatin da ke saman kabad, in ma kana bukatarsu.

Nayifa

* * *

Ajlun, ranar da ƙanƙara ta rufe hanyar Irbid

Nayifa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara. Allah Ya ƙara wa jaririya lafiya. Takardunki biyu sun zo. Ta farko ta yi makonni a aljihuna, na kasa amsawa don duk amsar da na fara ƙarya ce. Ta biyu ta zo shekaranjiya.

Gidan bai yi ɗumi ba. Falo ne ya yi ɗumi.

Dabarar da na yi miki alfahari da ita, ta bututu ɗaya, ga abin da take nufi. Wanda ke farkon layi shi ke shan zafin, na ƙarshe ya samu saura. Manyan ƙarafan duka a falo na kafa su, ta nan kuma ruwan ke farawa. Kafin ya ƙoshar da su, ya bi ta zaure, ya ratsa kicin, ya iso ɗakinmu, ya zama kamar shayin da aka manta a taga. Ba zan iya rufe na falon ba, don ban sa musu makunni ba, na ce asarar kuɗi ce. In na toshe ɗaya na toshe duka. Tukunyar kuma ƙarama ce, iyakar ƙarfinta ke nan. Ɗakinmu yana nan yadda kika bar shi bara, numfashi yana fita kamar hayaƙi. Ni kaina tun Disamba a falo nake kwana, kan doguwar kujera.

Tukunyar a tsakiya take, kin san matakala. Nisanta da falo daidai yake da nisanta da ɗakinmu. Babu abin da ya tilasta min in fara ta falo. Ban ma tsaya na zaɓa ba, hannuna ne ya nufi can, yadda sabon kafet ke tafiya falo, da kofunan kirki, da labule mai kauri. Na fasa tayil don gwiwoyinki, na ɗumama ɗakin da ba kya shiga sai da tire a hannu.

Da a nan maganar ta tsaya, da na rubuto tun tuni, don kuskure ne kawai. Ba a nan ta tsaya ba. Tun ranar farko, bayan sun watse, na shiga ɗaki na dafa ƙarfen na gane. Kuma a take na san maganinsa. Mahaɗi biyu ne a bayan tukunya. A kwance su, a musanya na fita da na dawowa, ruwa ya juya ya fara ta ɗakinmu, falo ya koma ƙarshen layi. Aikin safiya ɗaya ne, ko sisi ba zai ci ba.

Ban yi ba. Ba sau ɗaya ba na sa sifana a kan mahaɗin, sai in tuna da la'asar za a ƙwanƙwasa ƙofa a ce, “Injiniya yana ciki?” Sai in ce gobe. Kada ki ɗauka ban san abin da ke kawo su ba. Kananzir ɗin gidajensu suke tattali. Abu Talal barci yake yi in na fara bayani, bakinsa a buɗe. Na sani, kuma duk da haka nake aske gemu da azahar ina jiransu. Na ce miki Afrilu ne don a Afrilu ba wanda zai taɓa ƙarfe ya gane. Na so in riƙe su in riƙe ki, in biya da sanyi ɗaya na rayuwarki a ɗakin na'ura. Da na rubuta cewa babu abin da na rasa, hannuna bai ko girgiza ba. Wannan ne nake jin kunyarsa fiye da bututun.

Jiya da safe na kashe tukunya, na zubar da ruwan, baƙi ƙirin, ya ɓata min wando. Na musanya mahaɗan. Kafin azahar na gama. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na zauna a gefenki na gado. Ba a daɗe ba na cire kwat. Raɓar da ke jikin gilashin taga ta fara gangarowa. Da kina nan da kin ce a buɗe taga kaɗan.

Da la'asar suka zo, suna kakkaɓe ƙanƙara daga kafaɗa. Suka tuɓe rigunan sanyi tun daga zaure yadda suka saba. Suka zauna. Na zuba gahawa. Hajji Uƙla ya dafa ƙarfensa, ya sake dafawa, ya dube ni.

Abu Talal ya ce, “Injiniya, yau tukunyar azumi take yi?”

Na shirya amsar tun safe, har na gwada faɗarta a gaban madubi. Kalmomi kaɗan ne: na juya ruwan zuwa ɗakin Ummu Basil. Na buɗe baki. Na dubi fuskokinsu, na ji yadda za a ba da labarin a kanti gobe da jibi, har bayan raina. Muflih, wanda ya daskarar da baƙinsa saboda gwiwar mace. A gidan ubana ko bargo ɗaya ya rage, na baƙo ne, kin sani, ubanki ma haka.

Sai na ji bakina yana cewa, “Wataƙila iska ce ta shiga bututun.”

Hajji ya buga sanda a ƙasa ya ce, “Dama na faɗa! Aikin malamin makaranta a allo yake ƙarewa.”

Bai taɓa faɗa ba, amma kowa ya gyaɗa kai.

Abu Talal ya ce, “Ustaz, ba abin kunya ba ne, a kira yaron nan na Irbid ya duba maka. Kowa da sana'arsa.” Kin ji, na koma Ustaz.

Tsohon shugaban makaranta ya tashi ya ɗauko rigarsa daga zaure ya sa, ya dawo ya zauna yana murmushin da na sani tun muna aiki. Na shiga ciki na jawo tsohon murhun kananzir na kunna musu a tsakiyar falo, a gaban ƙarafan nan masu nauyin jaki. Suka kewaye shi suna tari. Bango ɗaya ne tsakaninsu da zauren da ke kaiwa ɗaki mai ɗumi kamar watan Mayu, ni kuma ina tsaye ina ba su haƙuri. Kafin magariba kowa ya tuna yana da uzuri. Yau ba wanda ya zo.

To kin ji. Na zaɓi a ce ban iya ba, da a ce don ke na yi. Ko abin kirki ɗaya da na yi a sanyin nan, a ɓoye na yi shi kamar sata.

Ɗakin yana da ɗumi. A ciki nake rubuta wannan, da riga ɗaya. Ba ni da bakin cewa ki taho. In takardar zaman ta fito, ta fito, yaron bai yi laifi ba. So nake kawai ki daina tunanin cewa babu abin da na rasa.

Da zarar an buɗe hanya zan kai wa direba da kaina.

Muflih

* * *

Dammam, farkon Fabrairu

Abu Basil,

Muna lafiya, Allah Ya sa kai ma haka. Jaririya ta fitar da haƙori na ƙasa, ta ciji ubanta.

Takardarka ta makara. Takardar zama ta riga ta fito, da hotona a jiki kamar wadda aka kama da laifi. Basil ya sha wahala a kanta, ya yi ta bin layi.

Na karanta taka a banɗaki, don nan kaɗai ke da sakata. Na yi kuka, na yi dariya a wurin Hajji Uƙla, na sake jin haushi. Har yanzu haushin bai tafi ba, kada ka ɗauka ya tafi. Wata biyu ka bar ni ina tunanin na zama kaya.

Na gaya wa Basil zan tafi. Ya yi faɗa har matarsa ta rufe ƙofar ɗaki. Ya ce, “Mama, mutumin nan falo ya ɗumama ya bar ki!” Ban san yadda aka yi ya sani ba, wataƙila na yi magana da ƙarfi. Na ce na san falon kafin a haife ka. Takardar zaman tana cikin jakata, ba zan yaga ba, ba zan mayar ba. In na kwana na tashi ka ɗaga ni kamar buhu, direban da ya kawo ni ya san hanyar komawa. Wannan ba barazana ba ce, gwiwa ce.

Zan taso ranar Talata mai zuwa. Kada ka zo Irbid tarbata da ƙugun nan. Ka kwashe bargonka daga falo, ka wanke kofuna, ka share tokar sigarin mutanenka daga kafet ɗina.

Maganar iskar da ta shiga bututu, kada ka wahalar da kanka neman yadda za ka gyara ta, ka bar min. Washegarin zuwana mata za su zo yi min sannu da hanya, matar Abu Talal da ta Hajji da ta shugaban makarantarku, duk za su zo. Ni kuwa mai ciwon gwiwa ce, ba zan iya fitowa falo ba. A ɗakina zan karɓe su. Ba zan ce musu komai ba, su da kansu za su cire mayafi su fara fifita. Matar Abu Talal kuwa ba ta taɓa riƙe magana daga ƙofarmu zuwa tata ba.

Kai dai ka san inda za ka sa fuskarka a masallaci da magariba.

Ka sayo sukari da ganyen shayi da yawa. Za su daɗe.

Nayifa